Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, Kan 'Yan Sa-kai Da Masu Tsaron Garuruwanmu

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan muƙarrabanka, tare da addu'ar Allah ya yi maka jagora a kan nauyin da ya ɗora maka, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin maganar da ke cikinta ta shafi kowane gida a jihar nan, tun daga Jibiya har Sabuwa. Magana ce a kan mutanen da suka ɗauki makami suna tsaron garuruwanmu alhali su ba sojoji ba ne, ba kuma 'yan sanda ba, da abin da ya rage gwamnati ta yi a kansu tun al'amarin bai fi ƙarfin kowa ba.

Mutumin birni yakan haɗa su duka a suna guda, amma mutumin karkara ya san ba ɗaya suke ba. Akwai 'yan banga ko 'yan sintiri, masu kaki da ofis da shugabanni har matakin ƙasa, waɗanda ƙungiyarsu ta yi rajista tun 1999. Akwai mafarauta da 'yan tauri, waɗanda sana'ar gado ce ta saba musu da daji. Akwai 'yan sa-kai, da yawansu manoma ne da aka kashe wa uba, ko aka sace wa mata, ko aka kore wa shanun noma, suka sayi bindigar toka ko harba-ruga da kuɗin aljihunsu, ba su da shugaba sai wanda suka naɗa wa kansu. Sai kuma rundunar Community Watch Corps, wadda jama'a ke kira C-Watch, da ka ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 da matasa sama da 1,400, aka ƙara wasu ɗaruruwa a shekarar da ta biyo baya, aka ba su horo da kaki da albashi da babura da motoci masu sulke. Wannan mataki ya dace, kuma babu mai adalcin da zai hana ka yabo a kansa. Sai dai rundunar ta ɗauki kaɗan ne daga cikin masu riƙe da bindiga a ƙauyukanmu, sauran kuwa har yau ba sa cikin littafin kowa, kuma a kansu ne mafi yawan maganata take.

Ba zan ɓata maka lokaci wajen bayyana dalilin ɓullarsu ba, domin ka fi ni sani. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 ba ta da 'yan sanda 400,000, kuma wani kaso mai yawa daga cikinsu yana gadin manyan mutane ne a birane. Ƙauyen da ke bakin Dajin Rugu kan ga babura sun kewaye shi, a gama abin da za a yi a tafi, agaji bai baro hedikwatar ƙaramar hukuma ba. Mutanen Tsauwa da Dankar a Batsari sun ga haka a watan Fabrairu na 2020, mutanen Kadisau a Faskari sun gani a watan Yuni na 2020, a watan Disamba kuma aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora yara sama da 300 zuwa daji. Wanda ya binne 'yan'uwansa da hannunsa ba ya jiran izinin kowa kafin ya nemi abin kare sauran. Hukumomi ma ba su tsaya a kan magana guda ba: a watan Agusta na 2019 gwamnonin Arewa maso Yamma suka zauna a nan Katsina suka haramta ayyukan 'yan sa-kai, a watan Agusta na 2021 tsohon gwamna Aminu Bello Masari ya fito ya ce wa jama'a su nemi makamai su kare kansu, a farkon 2022 kuma gwamnatin tasa ta sake haramta 'yan sa-kai. Manomin da ya ji waɗannan sanarwa uku abu ɗaya ya fahimta, cewa ya riƙe bindigarsa amma kada ya bari hukuma ta san da ita.

Ranka ya daɗe, wajibi ne a faɗi alherinsu kafin a faɗi wani abu daban. Akwai garuruwan da ba su tashi ba sai don tsayuwar waɗannan mutane. Su ne suka san hanyar da babur zai iya bi da damina, da rafin da ake tsallakawa, da dutsen da ake laɓewa a bayansa, kuma sojan da aka turo daga wata jiha mai nisa, wanda bai ji Hausa sosai ba balle Fulatanci, da su yake ganin hanya. Su ne ke raka manoma gona, su kwana a bakin gari cikin sanyin hunturu, su bi sawun waɗanda aka sace. Da yawansu sun mutu a kan haka, sun bar mata da marayu waɗanda ba su da fansho, ba su da inshora, sunayensu ma ba a rubuce suke a ko'ina ba. Duk wanda zai soki 'yan sa-kai daga cikin Katsina ko Abuja, inda yake barci da ƙofa a kulle, ya kamata ya fara da sanin wannan.

To amma akwai ɗaya ɓangaren, wanda mu Hausawan jihar nan ba ma son a taɓo mana, kuma rashin taɓo shi ne ya sa ya yi tsamari. Masu binciken da suka bi diddigin wannan fitina a Zamfara sun nuna cewa daga cikin abubuwan da suka mayar da satar shanu ta zama yaƙi har da yadda 'yan sa-kai suka riƙa kama Fulani a kasuwanni suna kashewa a gaban jama'a ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Martanin bai jima ba. A watan Afrilu na 2014 aka auka wa taron 'yan banga a 'Yargaladima cikin ƙaramar hukumar Maru, aka kashe mutane sama da 100. A Sakkwato, cikin watan Oktoba na 2021, an kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, aka zargi 'yan sa-kai, bayan 'yan kwanaki kuma 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe sama da mutum 40, yawancinsu mutanen da sayayya kawai ta kawo su. Ba ina wanke ɓarayin daji ba ne, Allah ya kiyaye. Mai ƙona gari da mai yi wa mata fyaɗe da mai karɓar kuɗin fansa ba shi da uzuri a duniya balle a lahira. Abin da nake cewa shi ne duk ran da aka kashe makiyayin da bai ji ba bai gani ba, an yi wa shugaban daba hidima kyauta, domin ɗan wannan makiyayi da ƙanensa ba za su sake zuwa kasuwa ba, ba za su je caji ofis ba, daji za su nufa, kuma a can akwai mai jiran su da bindiga da babur.

Hasarar ba ta tsaya nan ba. Bafulatanin da ke zaune a rugarsa kusa da gari shi ne mutum na farko da 'yan bindiga suka fara kwashe wa shanu, kuma shi ne ya fi kowa sanin wane ne ya shiga daji, ɗan wane ne, a ina yake kwana. Idan ya zama ba ya iya shiga kasuwar Batsari ko ta 'Yantumaki ba tare da fargabar a ɗauke shi ba, to jami'an tsaro sun rasa mutumin da ya fi kowa iya ba su labari. An tura shi ga waɗanda suka talauta shi, ya koma neman kariyarsu. Wannan ba riba ba ce ga tsaro ta kowace fuska.

Su ma Hausawa ba su tsira ba. A yau babu kalmar da ta fi kashe mutum da sauri a ƙauye irin a ce masa infoma. Gaskiya ne akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, da masu kai musu fetur da burodi da ƙwayoyi, kuma kai da kanka ka sha faɗin irin ɓarnar da suke yi. Amma inda zargi ya zama hukunci, mai rikicin gona da maƙwabcinsa, da wanda aka kasa a neman aure, da wanda ake bi bashi, duk sun sami hanya mai sauƙi ta gamawa da abokin gaba. A ɗauki mutum da dare, a doke shi har ya amsa laifin da ya aikata da wanda bai aikata ba, ya ambaci sunayen wasu don a sassauta masa, a bi waɗannan su ma. Iyalinsa ba su da inda za su kai kuka, domin wanda za su kai wa ƙarar yana tsoron waɗanda ake ƙara, ko kuwa yana buƙatarsu gobe.

Na san amsar da 'yan sa-kai ke bayarwa, kuma ba amsar raini ba ce. Sukan ce sun kama mutum da bindiga a hannu, sun miƙa shi ga hukuma, bayan 'yan makonni sun gan shi yana yawo, ya kuma san gidan kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka kama shi. Sukan ce babu mai yarda ya tsaya shaida a kotu, tunda shaidar a fili ake bayarwa, gida kuma ƙauye za a koma. A nan, ranka ya daɗe, matsalar take, kuma a nan ne nake ganin gwamnati ba ta zuba ƙarfi daidai da yadda ta zuba wajen sayen motoci ba. Muddin ɗan sa-kai bai yarda cewa kotu za ta riƙe wanda ya kamo ba, zai ci gaba da yanke hukunci a bayan gari, ko an haramta shi sau goma. Tsarin mulkin 1999 ya tsare ran kowa a sashe na 33, ya ce a sashe na 36 wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, ya kuma ce a sashe na 35 a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Shari'ar Musulunci da muke alfahari da ita ta fi haka tsanani a kan jini, ba ta yarda da iƙirarin da aka samo da duka ba, ba ta kuma ba kowa ikon zartar da haddi ko ƙisasi ba sai shugaba ta hannun alƙali. Dokoki suna nan. Abin da babu shi ne kotun da ke kusa, mai sauri, wadda shaida zai shiga ya fita da ransa. Ina roƙon ka zauna da Babban Jojin jiha da Kwamishinan Shari'a a keɓe alƙalai da lauyoyin gwamnati musamman don shari'o'in ta'addancin daji a shiyyoyin Funtuwa da Dutsin-ma da Katsina, a samar da hanyar karɓar shaida ba tare da an bayyana mai bayarwa ba, a kuma wajabta cewa duk wanda aka kama aka miƙa, a rubuta sunansa da ranar da wanda ya karɓe shi, hakimi ya riƙe kwafi, ta yadda idan an sake shi za a san wanda za a tambaya.

Akwai kuma batun kare kai, wanda gwamnatinka ta ƙarfafa wa jama'a gwiwa a kansa, har ka yi alkawarin horo da tallafi ga duk garin da ya shirya. Abin da ya faru a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agusta na 2025 ya isa a sake duba yadda ake tafiyar da wannan shiri. Kwamishinan tsaron cikin gida na jiha ya bayyana cewa harin da aka kai masallacin garin lokacin sallar asuba ramuwar gayya ce, saboda kwanaki kaɗan kafin nan mutanen garin sun yi wa 'yan bindiga kwanton ɓauna sun yi musu ɓarna. Wato gari ya yi abin da aka ce ya yi, ya ci nasara, sannan aka bar shi shi kaɗai a daidai lokacin da kowa ya san za a dawo. Duk garin da ya fafata da 'yan bindiga ya kamata a girke masa jami'ai na tsawon makonni ba tare da sai ya roƙa ba. In ba za a iya haka ba, bai kamata a zuga shi ya tsaya ba.

Rashin rajista ma yana kashe su ta wata hanyar. A watan Janairu na 2025 jirgin yaƙi ya kashe aƙalla mutum 15 a Tungar Kara ta jihar Zamfara, cikinsu har da 'yan sa-kai da askarawan jihar da suka fito bin sawun ɓarayi. Daga sama, mutane a kan babura da bindigogi duk kamanninsu ɗaya. Idan rundunar soja ba ta san su wane ne suka fita ba, daga wane gari, zuwa ina, irin wannan zai iya faruwa a Safana ko Ɗanmusa kowace rana.

Mai Girma Gwamna, wannan magana ta wuce iyakar jiharmu. Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce babu wata rundunar 'yan sanda sai ta tarayya, amma ga Amotekun a ƙasar Yarabawa tun 2020, ga Ebube Agu a ƙasar Ibo, ga askarawan Zamfara da na Sakkwato, ga 'yan ƙato-da-gora a Borno tun 2013, ga namu. Kowane yanki ya ɗauki makami da sunan kare kansa, kuma abin da ɗan banga ya fi saurin zargi a ko'ina shi ne baƙo. Mun ɗanɗana wannan a ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa gida yin sallah, aka kashe 16 daga cikinsu bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne. Duk Arewa ta yi kuka, kuma da gaskiyarta. Amma hujjar da muka kafa a kan mutanen Uromi, cewa ko mutum yana da laifi hukuma za a miƙa wa shi, ita ce hujjar da makiyayi ke kafawa a kanmu a kasuwanninmu, kuma ba za mu nemi adalci a Edo mu hana shi a Jibiya ba.

Maƙwabtanmu na Sahel sun riga mu bin wannan hanya. A Mali, an kashe Fulani kusan 160 a ƙauyen Ogossagou a watan Maris na 2019, aka ɗora alhakin a kan mafarautan da suka kafa ƙungiyar kare kai. Burkina Faso ta yi doka a 2020 ta ɗauki 'yan sa-kai tana ba su horon mako biyu da bindiga, yaƙin kuma bai ragu ba, sai ƙara zama na ƙabilanci da ya yi, garuruwan da ke da 'yan sa-kai suka zama abin hari na musamman, kamar yadda aka gani a Solhan a 2021 inda aka kashe sama da mutum 130. A nan gida ma, rahotanni sun nuna cewa Lakurawa sun fara zama a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato ne a matsayin masu taimakon jama'a korar ɓarayin shanu, kafin su juya su fara karɓar zakka da ƙarfi suna yanke wa mutane hukunci, har kotu ta ayyana su 'yan ta'adda a 2025. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jihar da ke da doguwar iyaka da Maraɗi ba ta da damar yin sakaci da tarin mutane masu makami waɗanda ba su amsa umarnin kowa.

Tarihinmu ma yana da abin faɗi. Katsina ta taɓa samun 'yan sandanta na gida, wato 'yan doka na En'e, har marigayi Sarki Usman Nagogo ya riƙe muƙamin Wakilin Doka kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Sun san kowa, sun tsare gari. Amma dattawan da suka yi siyasar jam'iyyar adawa ta NEPU a Arewa ba su manta yadda aka yi amfani da 'yan doka wajen kama 'yan adawa ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta haɗe su da 'yan sandan tarayya bayan 1966. Yanzu da ake ta maganar kafa 'yan sandan jihohi, zaɓen 2027 kuma yana ƙaratowa, duk ƙasa za ta kalli rundunoni irin C-Watch ta ga ko gwamnoni za su iya riƙe makami ba tare da sun juya shi kan abokan hamayya ba. Ina roƙon ka bayyana tun yanzu, da bakinka, cewa babu ɗan wannan runduna da zai raka ɗan takara, ko ya tsaya a rumfar zaɓe, ko ya yi gadin gidan ɗan siyasa.

Sulhun da ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari suka shiga a 2025 ya ƙara wa wannan batu gaggawa. Jama'a sun ga hotunan 'yan bindiga sun zo wurin zama da makamansu a kafaɗa, sun kuma koma da su. Ɗan sa-kai kuwa, wanda 'yan bindiga suka san sunansa da gidansa, ana ce masa ya dakata. Sulhun 2016 ya rushe, na 2019 ma ya rushe, saboda haka ba za a zarge shi ba idan ya ƙi rabuwa da bindigarsa. Amma kuma harbi ɗaya daga fusataccen da aka kashe wa ɗa ya isa ya wargaza zaman da aka sha wahala kafin a ƙulla. Ba a sulhu a bar waɗanda suka yi yaƙin a waje. A shigar da shugabanninsu cikin kwamitocin da ke sa ido, a ba su tabbacin kariya, a kuma fara tunanin sana'ar da za su koma, domin saurayin da ya shekara biyar yana riƙe da bindiga, ana jin tsoronsa, ana tara masa kuɗin sintiri gida-gida, ba lallai ne ya koma riƙon fartanya da daɗin rai ba.

Abin da nake nema a taƙaice bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba. A yi rajistar kowane mai riƙe da makami don tsaron gari, ta hannun masu unguwanni da magaddai da hakimai, ƙarƙashin kulawar Masu Martaba Sarkin Katsina Alhaji Abdulmumini Kabir Usman da Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, tare da alkawarin cewa wanda ya fito ya rubuta sunansa ba za a kama shi don bindigar toka ba. Wanda ya yi rajista ya sami kati da ɗan alawus da magani idan ya ji rauni, iyalinsa su sami diyya idan ya rasu, shi kuma ya amsa umarnin jami'in da aka sa a kansa. A ɗauki 'ya'yan Fulani makiyaya cikin C-Watch da yawan da za a gani da ido, bisa shaidar arɗonsu, domin rundunar da ƙabila ɗaya ta cika ba za ta sami amincewar ɗayar ba. Sannan a buɗe ofishin karɓar ƙorafi wanda ba ya ƙarƙashin kwamandan rundunar, mai tsohon alƙali a kansa da wakilan malamai da na makiyaya da na mata, kuma kowane wata shida Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta sanar da jama'a ƙorafi nawa aka karɓa, jami'ai nawa aka kora, nawa aka gurfanar a kotu, da kuma mutum nawa cikin waɗanda aka kamo aka yanke wa hukunci.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba jiharmu lafiya. Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan jiha,
Birnin Katsina.